Masu Manyan Babura a Hidimar 'Yan Mazan Jiya

Duk ranar 15 ga Janairu Najeriya na tunawa da 'yan mazan jiya, domin a ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Shugaban ƙasa ya ajiye furanni a dandalin da ke gaban Majalisar Tarayya, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru, kowa ya kama gabansa. A gefen wannan biki na hukuma kuma akwai wasu bayin Allah da ba wanda ya aike su, wato masu manyan baburan Abuja, waɗanda kan haɗu su yi jerin gwano su kai wa tsofaffin sojoji da marayunsu ɗan abin da ya sawwaƙa. Niyyar dai ba ta da aibi. Mutanen ne iri-iri.

Kafin ka ga Sarkin Salansa, sai ka ji shi. Da gangan ya sa bakanike ya kwance wa babur ɗin abin rage ƙara, don a ganinsa alherin da ba a ji shi daga Lugbe zuwa Asokoro ba bai cika ba. Ko an ce a yi shiru na minti ɗaya a maƙabartar sojoji ta hanyar filin jirgi, hannunsa na kan totur yana ƙaiƙayi.

Sai Janar na Bogi, wanda shi ne ya fi ba ni nishaɗi. Bai taɓa taka ƙofar Depot ta Zariya ba, amma rigar fatarsa ta sha lambobi har ba wajen soka allura: ga mikiya, ga takubba, ga tutar wata rundunar Amurka da ya sayo ta intanet. Kakin soja kaɗai ya bari, shi ma don ya san abin da ke samun farar hular da aka kama da shi a bakin bariki. Ba ya cewa "mu tafi" sai da turancin fareti. Labarin Laberiya da Saliyo kuwa, yadda yake bayar da shi ka rantse shi ya shiga da ECOMOG Monrobiya a 1990. Ranarsa takan ɓaci ne in ya faɗa hannun tsohon samanja na gaske. Tsoho ya bar shi ya gama zuba, sannan ya ce, "Ɗana, a wace bataliya ka yi?" Sai Janar ya tuna bai kulle babur ba.

Alhaji Na-Gareji yana da Harley-Davidson da kuɗinta zai gina gida a Kuje. A bayan a-kori-kura ake kawo ta, shi kuma ya biyo baya cikin mota mai sanyi, wai hazon hunturu na tayar masa da mura. A sauke masa, ya hau, ya zaga sau ɗaya yaransa biyu na gudu a gefe, a mayar. Ba na yi masa dariya da yawa, don rabin shinkafar da ake rabawa daga aljihunsa take fitowa.

Wanda nake jin haushi shi ne Ɗan Hoto. Zai miƙa wa matar marigayi buhu, amma ba zai saki ba sai an ɗauka ta hagu an ɗauka ta dama. Baiwar Allah tana ja, yana ja, yana murmushi. Kafin ta isa gida ta riga ta shiga Facebook. Shi da Maci-Kifi tafiyarsu ɗaya, sai dai shi wannan ba a ganinsa sai a zangon ƙarshe, a kasuwar mami ta Barikin Abacha, daidai lokacin da aka sauke gasasshen kifi. Zai ce cunkoso ne ya riƙe shi. A kan babur fa.

Akwai kuma wanda ba ya cikin hoto, tsohon ɗan acaɓa daga Nyanya da 'yar Boxer ɗinsa. Tun 2006, zamanin da Nasir El-Rufai ke ministan birnin, aka hana irinsu aiki a tsakiyar Abuja, don haka wannan ce ranar da yake ratsa manyan tituna kai a sama, ya fake a tsakiyar masu kuɗi. Shi ke riƙe da sufana da filaya. In BMW ta ƙi tashi, mai ita na kiran kamfani a waya, shi zai tsuguna ya ce, "Yallaɓai, mai ne babu." Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan cuta ta yawaita. Da an watse kuma, shi ke goya tsohon da ba shi da kuɗin mota har ƙofar gidansa.

Su kansu tsofaffin suna zaune ƙarƙashin rumfa da hulunansu na ƙungiyar Nigerian Legion, suna kallon ikon Allah. Wanda ya ji rugugin igwa a bakin Kwara ba salansa ce za ta burge shi ba. In ka zauna kusa da su, hirar ba ta yaƙi ba ce. Ta Hukumar Fanshon Soja ce da ke Dutse Alhaji, da tantancewa, da kuɗin magani, da yadda a Janairun 2025 sai da 'yan'uwansu suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi kan haƙƙoƙinsu. Wani zai ce, "Allah ya yi muku albarka, yara. Amma man da kuka ƙona yau ya fi fanshona."

Ya faɗi gaskiya, kuma Hajiya Ma'aji ta fi kowa sani. Ita ba ta hawa babur. Littafi gare ta mai shafi biyu: na alkawari ya cika har ya tumbatsa, na biya kuwa da sauran fili. Ta san wanda ya yi shelar miliyan a lasifika bara har yau ba a ga sisi ba, ta san marainiyar da za a kora daga makaranta in ba a biya kuɗin zango ba. Janar na Bogi da ba ya tsoron kowa, in ya hango ta sai ya sauke gilashin hular kwano.

Duk da haka ban yarda da masu cewa wasan yaran masu kuɗi ne kawai ba. Sun dai fito, mu da muke sukarsu muna kwance a gida. Mai karatu, in kana Abuja kuma kana da niyya, ba sai ka sayi babur ba. Ka nemi Hajiya, amma ka zo da kuɗin a hannu, don ta daina karɓar alkawari.