Da Kanta Ta Karye

A duk faɗin Mungadi har yau ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa karya kwamfutarsa ba. Ku bincika Maiyama, ku zarce Jega, ku bi ɗakunan ɗaliban jami'ar Aliero ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta sauyawa: "Wallahi lahiya lau na aje ta, da sahe na iske ta haka." Ashe kwamfutar tafi-da-gidanka a yankinmu zuciya gare ta, cikin dare take tashi ta ɓalle wuyanta don kawai ta tozarta mai ita.

Wurin da take karyewa sananne ne. Wasu ƙarafa biyu ne ƙanana da ke riƙe murfi da gangar jiki, waɗanda masu gyara ke kira hinji. Shi ƙarfen bai cika karyewa ba. Matsalar ita ce inda aka ɗaure shi: ƙananan notika na tagulla da aka dasa cikin roba. Idan ƙurar hunturu ta shiga, man da ke ciki ya bushe, sai hinjin ya yi tauri. Zafin bazara kuma, wanda a nan yakan haura digiri 40, yana nan yana gasa robar. Duk buɗewa ɗaya, ƙarfe na jan roba, har ranar da notin zai tumɓuko da gindinsa. Ta cikin wannan lungun ne kuma siririyar wayar da ke kai hoto ga sikirin take bi, shi ya sa bayan karaya sai fuska ta fara kawo layi-layi.

Wannan bayanin masana ne. Ga yadda muke taimaka wa ƙaddara. Ana buɗe laftof daga tsakiya, hannu ɗaya na danne gindinta. Mu daga kusurwa muke fizgo ta da yatsa biyu, saboda ɗaya hannun na riƙe da rake. Idan za a nuna wa aboki hoton biki, ta sikirin ake ɗago ta a miƙa masa. A manta biro a kan madannai a rufe, in ta ƙi rufuwa a danna mata gwiwa. A cusa ta jaka tare da caja, kwano da kullin gari, a hau kabu-kabu, jakar na tsakanin bayan direba da cikin fasinja.

Sannan ga aro. Kwamfuta ɗaya a gida ta unguwa ce. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, duk gidan da ke da laftof ya zama makarantar koyon danna linzami. Da rana 'ya'yan maƙwabta na gwaji, da yamma ƙanen amarya na kallon fassarar Indiya, da dare ɗalibai shida na layin buga furojet. Ka hana a ce ka yi boko ka lalace. Ka bayar ta dawo da baki a buɗe, ɗan aiken ya ce, "Yaya, haka ka ba ni ita."

Kuma ba ta karyewa ba sallama. Sai ta yi wata guda tana cewa ƙas, ƙas. Gefen murfi ya fara ɗagowa, wani ɗan noti ya faɗo kan tabarma, a tsince shi a duba a ce ko na rediyon Baba ne. Daga nan sai a shiga zamanin tokara. Ƙamus a baya, bango a baya, wani ma buhun albasa. Akwai ɗalibin da ya gano kusurwa ɗaya tak da hoto ke fitowa, tun daga ranar bai sake rufe ta ba. A buɗe yake tallabo ta zuwa aji, mutane na ba shi hanya.

Sai a lokacin ake tuna wata kalma: garanti.

To, wane garanti? Galibin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, sun gama aikin ofis a Turai ko Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta Computer Village da ke Ikeja ko titin Beirut na Kano kafin su iso mu. Garantin kamfani yawanci shekara ɗaya ne, kuma wani Bature ya cinye shi tun kana aji uku a sakandare. Abin da ya rage shi ne garantin mai shago, wanda ake bayarwa da baki, hannu a ƙirji: "Alhaji, wagga ba ta da matsala. Ni ne garanti."

A nan ne halinmu ke fitowa sarai. Mutumin da zai yi awa guda yana ciniki kan tiyar gero, ya sa hannu har ƙasan buhu, shi ne zai ƙirga kuɗin albasar shekara ya miƙa, ya kasa buɗe baki ya nemi rasit. Neman rasit a wurinmu zargi ne. In ka daure ka nema, mai shago zai saki baki ya dube ka: "Haba ɗan'uwa, ni da kai har sai da takarda? Ba kawunka ne ya aiko ka ba?" Nan take kunya ta rufe ka, har ka ba shi haƙuri. Bayan wata biyu ka dawo da ita a buɗe, ya juya ta, ya ce, "Mi ya hwaru? Ai wagga faɗuwa ta yi." Ka rantse ba ta faɗi ba, ya rantse lafiya ka ɗauka. Kawun da ya haɗa ku kuma ya ce a bar wa Allah, zumunci ya fi kwamfuta.

Kada wanda ya saya sabuwa dal a kwali ya yi dariya, nasa na tafe. Zai kira lambar kamfani, a sa masa kiɗa har katinsa ya ƙare. In an ɗauka a nemi lambar da ke ƙarƙashin na'urar, wadda tuni ya liƙe da sitikar Arsenal. Ya ɓanɓare, rabin lambar ya biyo sitika. A ce ya aiko hoto, ya hau tudu neman sabis. A ƙarshe a ce ya kai ta cibiyar gyara mafi kusa, kusan nan kuwa ba Jega ba ce, ba kuma Birnin Kebbi ba, sai ya yi webil zuwa Abuja ko Legas. Bayan makonni amsa ta zo cikin ladabi: binciken injiniyoyinmu ya nuna lahani ne daga hannun mai amfani, garanti bai shafe shi ba. Ga kuɗin sabon murfi, ga na aiki, ga na dawowa. Wani ma nasa hinjin ya iya karatun kalanda, sai ya lallaɓa ya cika wata goma sha biyu, a na sha uku ya saki.

Wato mutum uku ne a kan gawa ɗaya, kowa da rantsuwarsa. Mai ita bai taɓa ta ba, mai shago lafiya ya sayar, kamfani kuwa bai taɓa ƙera abu mai aibi ba.

Na ukun nan ma an taɓa kama shi. MacBook Pro da Apple ya fitar a 2016 ta zo da siririyar wayar sikirin da ke lanƙwasa a jikin hinji, tana gajiya da buɗewa da rufewa har hasken fuskar ya lalace. Masu ita ba su ce ƙaddara ba. Suka yi ta ƙorafi, suka tara sa hannu, masu gyara suka kwance na'urar suka nuna wa duniya inda gizo ke saƙa. A watan Mayun 2019 kamfanin ya sanar da gyara kyauta ga masu ƙirar inci 13 ta 2016. Mu ma nan muna da dokar kare masu sayen kaya ta 2018, da hukumar FCCPC da aka kafa a kanta, wadda ta sha nanata cewa rubuta "in ka saya ba mayarwa" a shago ya saɓa doka. Sai dai mai kai ƙara da hujja yake zuwa, kuma "ni ne garanti" ba ya shiga fayil.

Saboda haka ake komawa ga abin da muka gada. Aliero ta yi suna a ɗorin karaya, daga nesa ake kawo mata masu targaɗe da karyayyun ƙafafu, kuma da alama sana'ar ta yi naso har teburin masu gyaran kwamfuta. Gwanin cikinsu zai kwance murfin, ya sassauta notin hinjin da ya yi tauri, ya ɗiga mai, ya sake dasa notikan da gam mai haɗi biyu, ya ce kada a taɓa sai gobe. Wanda ba gwani ba zai tula sufa gulu da auduga, hayaƙi ya tashi, ya ce an gama. Na ƙarshe shi ne mai zafin hannu: ya huda murfin gaba da baya, ya zura dogon noti irin na keke, ya ɗaure tamau. Ba kyan gani, amma jikokinka za su gaje ta.

Da an karɓo ta daga ɗori, mai ita zai yi abin da ya dace da mutumin da ya sha wahala ya koyi darasi. Zai goge ta da tsumma, ya liƙa babbar sitika daidai kan gam ɗin, ya sa ta kasuwa. Wani ɗan aji ɗaya da ya zo da kuɗin gonar babansa ya juya ta, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, ko za a ɗan rubuta mini wani abu?"

"Haba ƙanena, ni da kai? Tahi abinka. Ni ne garanti."