Yadda Za Ka Zaɓi Amalanken da Zai Ja Motarka a Bayan Gidanka

Idan Allah ya kai ka Amurka har ka mallaki motar nan da ake kwana a ciki, mai gado da kicin da banɗaki, barka da arziki. Sai dai ka sani, ranar da ka isa Quartzsite a jihar Arizona, inda dubban masu irin motarka ke taruwa kowace Janairu don gudun sanyi, ka daidaita gida, ka buɗe rumfa, ka jera kujeru, a ranar uwargida za ta ce gishiri ya ƙare. Ba mai naɗe gida ɗungurungum don ya je sayen gishiri. Shi ya sa ake jan ƙaramar mota a baya, kuma da yawa suna ɗora ta ne a kan amalanke mai taya biyu: tayoyin gaba su hau, na baya su bi kwalta.

Kafin ka je wurin dillali, malam, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin ƙaramar motar. Idan tayoyin gaba ne ke janta, kamar yawancin Corolla da Civic, amalanke naka ne. Idan na baya ne, sai an kwance farfela kafin tafiya, domin giyar otomatik ba ta samun mai sai injin yana aiki, kuma taya za ta yi ta juya ta a bushe har ta ƙone. Mai jan taya huɗu kuwa, yawancinsu ba su da rabo a nan sam. Littafin da ya zo da motar, wanda ke kwance a aljihun gaba da ledarsa tun ranar da aka saye ta, yau ce ranar buɗe shi.

Sai nauyi. Maƙalin bayan motocin kwana masu shan fetur da yawa iyakarsa fam 5,000, wato kusan kilo 2,270. Amalanken kansa yakan kai kilo 200 zuwa 300, kuma yana cikin lissafi. Haka tukwane da buhun shinkafa da akwatunan da aka cusa a ƙaramar motar don wai ai fanko take. Je ka tashar manyan motoci mai sikelin CAT ka auna komai da lodinsa, har da surukarka idan da ita za a yi tafiyar. Ƙarfe ba ya jin "ai kaɗan ne ya ɗaru".

Birki ba wurin tsumulmula ba ne, kuma a nan nake roƙonka da gaske. Akwai mai kama kansa: motar gaba na rage gudu, nauyin baya ya turo, turin ya matsa birkin. Akwai na lantarki, mai buƙatar a ɗaura masa na'ura kusa da direba. Kowace jiha da dokarta kan nauyin da ya wajabta birki, amma gangaren duwatsun Rocky a Colorado bai karanta dokar kowa ba. Sayi mai birki.

Duba kuma yadda yake shan kwana. Wani faifansa ne ke juyawa, wani tayoyinsa ne ke bin kwanar, kuma irin da ka saya shi zai gaya maka ko a kulle sitiyari ko a sake shi. Auna faɗin motarka, ka duba ko bambarta ta yi ƙasa har za ta daki matakalar hawa.

Abin da dillali ba ya gaggawar faɗa shi ne wannan: da amalanke a baya, babu ribas. Wuraren lanƙwasa biyu ne, kowanne da ra'ayinsa, kana komawa baya ƙaramar mota za ta karkace ta nufi gefen gidanka. Ka shiga gidan mai marar mafita, to sai ka sauko, ka kwance bel, ka sauke mota, ka cire amalanke, ka tura shi da hannu, ka juya gida, sannan ka mayar da komai, masu layi a bayanka suna yi maka addu'a da hon. Saboda haka ka koyi hango ƙofar fita tun kafin ka sa sigina.

Ɗaurin ma aikin gwiwa ne. Za ka tsuguna ka ɗaure bel a kan kowace taya, ka maƙala sarƙoƙi, ka gwada fitilun baya, ko ana ruwa ko ana rana. Sauke birkin hannu na ƙaramar motar, in ba haka ba hayaƙi ne zai tuna maka. Bayan 'yar tafiya ka tsaya ka ƙara matse bel, don yana saki. U-Haul, mai ba da hayar irin waɗannan amalanke, shawararsa kada a wuce mil 55 a awa, kusan kilomita 88.

A masauki kuma amalanke baƙo ne na uku mai neman wurin kwana, kuma ba kowane fili ke da shi ba. Demco na jihar Iowa yana ƙera Kar Kaddy SS mai naɗe wuya don ya rage tsawo. Ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya kuɗi ka ɗaga wuyansa da hannunka a gaban dillali, ka tura shi taku goma, ka ji abin da ƙugunka zai ce.