Dokar Kondo a Ɗakin Hajiya

A Japan, kafin sabuwar shekara, gidaje da makarantu da ofisoshi kan yi gagarumar shara, a fitar da tarkace. Daga can ne Marie Kondo ta yi suna da littafinta mai doka guda: ka ɗauki kowane abu a hannu, in bai faranta maka rai ba, ka yi masa godiya ka sallame shi. A 2019 har shiri aka yi mata a Netflix, Amurkawa suka yi ta jidar tufafi zuwa shagunan gwanjo.

To, a zo a gwada wannan a ɗakin Hajiya. Gwangwanin Bournvita yana faranta mata rai, domin allura da zare da maɓallai na ciki. Ledojin ƙarƙashin katifa ma haka. Kulolin da ke saman sif tun ranar jere ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba, amma taɓa ɗaya ka sha mamaki. Sharar jajibirin Sallah kuwa, kwashe kaya ne daga wannan lungu zuwa wancan. Ɗan gwangwan ya yi ta sallama a ƙofa, a ƙarshe a miƙa masa murfin tukunya ɗaya, a bi shi da ciniki.

Kada dai a yi wa Hajiya dariya. A 2023 ita kanta Kondo, bayan haihuwa ta uku, ta amsa cewa gidanta a hargitse yake. Yara uku kacal! Hajiya tara gare ta, ban da jikoki.