Wutar Araha a Kasuwar Teksas

Na san abin da za ka ce tun ban buɗe baki ba, don haka bari in riga ka. Za ka ce, “Mu da muke neman wutar ido rufe, wannan bawan Allah zai zo ya ishe mu da labarin masu zaɓen kamfani?” Na ji. Amma zauna tukuna, Malam. Ai wanda ba shi da ko keke shi ya fi kowa sanin aibin kowace mota a majalisa, kuma ba a taɓa korarsa ba.

A jihar Teksas ta Amurka za mu yi yawon yau. A 1999 gwamnan jihar na lokacin, George W. Bush, ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kasuwar lantarki mara, kuma daga Janairun 2002 magidanci a Houston ko Dallas ya samu damar zaɓen wanda zai sayar masa da wuta, kamar yadda kake zaɓen mai nama a kasuwa. Ba duka jihar ba ce. Austin da San Antonio, inda kamfanin wutar na gari ne, suna nan da nasu tilo. Waɗanda dokar ta shafa kuwa, hukumar da ke sa ido ta buɗe masu wani dandali mai suna Power to Choose, inda kamfanoni ke baje hajarsu rututu, kowa yana rantsuwa tasa ta fi sauƙi.

Ka ce ashe sun huta? Sannu da gaggawa.

Ka ce da kai ne, sai ka zaɓi kamfanin da wutarsa ta fi ƙarfi, wanda ba ya ɗaukewa? Haba Alhaji, tun ba a je ko'ina ba ka faɗi jarrabawa. Kamfanin da ka zaɓa ba shi da ko falwaya ɗaya. Wayoyi da taransifoma da mita duk na wani kamfanin ne daban, wanda ba ka da ikon sauya shi: CenterPoint a Houston, Oncor a Dallas. 'Yan ga-ruwa ne hamsin, rijiyar burtsatse ɗaya, kowa ya shafa wa kurarsa fenti kala daban. A Yulin 2024 da guguwar Beryl ta ratsa Houston, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka shiga duhu. Mai kamfanin tsada da mai na araha tare suka sha zufa, tare suka zubar da naman firij. Abin da kake saya a wannan kasuwa lissafin kuɗi ne kawai, wato yadda za a auna ka a ƙarshen wata.

To ai da sauƙi, in ji ka. In wutar ɗaya ce, sai a duba wanda ya fi araha a danna. Madalla da gwanin ciniki! Kai ne dai wanda suke jira tun safe.

Kowane tsari yana da wata takarda da doka ta wajabta, sunanta Electricity Facts Label, wadda ke nuna kuɗin yunit ɗaya ga mai shan yunit 500 a wata, da mai 1,000, da mai 2,000. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kake lodawa a mitarka ta kati. Kamfanoni sun lura cewa idon mutane kan lambar tsakiya yake sauka, sai wasunsu suka ɗinka rigar daidai wuyan 1,000. Ga yadda ɗinkin yake, da alƙaluman da na ƙaga don misali. A ce kamfani ya rubuta senti 11 da manyan baƙaƙe. Ka gangara ƙasa, inda rubutun ya koma kamar sawun tururuwa, sai ka tarar ainihin kuɗin senti 21 ne, sai dai za a yafe maka dala 100 duk watan da ka sha yunit 1,000 ko fiye. Ɗauko biro. Yunit 1,000 dala 210 ke nan, a cire 100, saura 110. Ba su yi ƙarya ba. To watan gaba uwargida ta yi ta bin yara tana kashe fitilu, kai ma ka rage sanyin na'ura don tattali, mita ta tsaya a 990. Rangwame ya tashi. Dala 208 za ka biya. Ka rage yunit goma, an ƙara maka dala 98 ladan tsimi.

Ka ce ƙarya nake yi, babu ɗan kasuwar da zai hukunta mai tattali? Ni ma da haka na ce. Amma akwai gidajen da in wata ya zo ƙarshe sai an leƙa mita, in ba ta kai ba a kunna duk abin da ke da soket, a yi ta guga har da tsumman goge-goge, don a tsallaka layin. Inda kakarka za ta ga wannan, da ta ce a nemo masu mai ruƙiyya.

Yanzu ajiye wancan, ka ɗauko wani tsari mara kwalliya, senti 15 kowane yunit, ba ragi ba ƙari. A jeri yana can ƙasa, ba wanda ke kallonsa. A watan yunit 990 dala 148 da rabi zai karɓa. A watan da iska ta yi daɗi, ba zafi ba sanyi, ka sha 600 kacal: shi dala 90, mai kwalliya 126. A tsakiyar zafin Agusta ka sha 2,000: shi 300, mai kwalliya 320. Mai senti 11 ba ya cin gasar sai a ɗan tsakanin nan daga 1,000 zuwa wajen 1,670, kuma gidanka bai yi alkawarin zama a wannan tsakanin wata goma sha biyu ba.

Na ga ka gyara zama. Ka ce to ina batun masu ba da wutar dare kyauta? Kyauta fa! Na san za ka zo nan, domin na san tarihinka da datar dare. Kai ne ka saye ta da niyyar sauke duniya da abin da ke cikinta, ƙarfe ɗaya ya same ka kana munshari da waya a ƙirji. Akwai tsare-tsaren da ba a cajin wuta daga dare zuwa asuba, gaskiya ne, amma kuɗin yunit na rana a kansu ya fi na saura nesa ba kusa ba. Kuma a Houston yaushe na'urar sanyaya ɗaki ke aikin gaske? Daga azahar zuwa magariba, lokacin da kwalta ke narkewa. Wanda ke wuni a wajen aiki, ya dawo ya sa motarsa mai batir a caji, ya yi wanki da tsakar dare, wannan zai iya cin riba. Gidan da ke da tsohuwa da jarirai a ɗaki wuni guda kuwa, kallon kitse yake wa rogo.

Ka ce kai ba za a yi maka wannan ba, kai ɗan Kwari ne, sari kake yi? Ka ce a kai ka inda dillalan suke sarowa ka saya da kanka? An yi masu irin wannan wayon kafin kai. Wani kamfani mai suna Griddy ya zo da tsarin nan sak: ka biya shi kusan dala 10 a wata, shi kuma ya bar ka da farashin sari yadda yake hawa da sauka. Shekaru ana shan daɗi, ana yi wa maƙwabta dariya. Sai Fabrairun 2021, wani sanyi da ba a saba gani ba ya rufe jihar, bututun gas suka daskare, tashoshin wuta suka tsaya, gidaje fiye da miliyan huɗu suka rasa wuta, mutum sama da 200 suka rasu. A nan ba zolaya. Farashin sari ya haura ƙololuwar da doka ta yarda da ita a lokacin, dala 9 kowane yunit, abin da a ranar lafiya bai wuce 'yan senti ba, kuma ya yi kwanaki a can. Shi kansa kamfanin roƙon mutanensa ya yi su gudu su koma wani wuri. Ka taɓa jin mai shago yana korar masu ciniki? Waɗanda ba su samu fita ba, kuma wutarsu ba ta ɗauke ba, suka wayi gari da bashin dubban daloli na 'yan kwanaki. A Maris kamfanin ya durƙushe, kuma a shekarar majalisar jihar ta haramta sayar wa gidaje irin wannan tsari. Mai tsayayyen farashi, wanda aka yi ta kira bagidaje, kuɗin yunit ɗinsa bai motsa ba.

Af, kafin in manta. In kamfani ya ɓata maka rai ka yi fushi ka koma wani, ka bincika ko ba ɗakin kishiya ka shiga a gida ɗaya ba. Reliant da Direct Energy da Green Mountain duk na NRG ne. TXU da Ambit na Vistra ne. Kana ta cika baki ka yi hijira, kuɗinka bai bar aljihun da ya saba shiga ba.

Ka ce shi ke nan, ka gane, za ka ɗauki tsayayyen farashi ka ja bargo? Ja, amma ka bar ido ɗaya buɗe. Yarjejeniya tana da wa'adi, shekara ɗaya ko biyu ko uku. Ka fita kafin lokaci, akwai tara, sai dai in ƙaura ka yi daga gidan. Ka bari ta ƙare ba ka motsa ba, a mayar da kai tsarin wata-wata wanda kamfani ke sauya kuɗinsa yadda ya ga dama, kuma ban taɓa jin ya ga damar ragewa don Allah ba. Wasiƙar gargaɗi tana zuwa, sai dai takan kwanta a ƙarƙashin tallan fiza. Dokar jihar ta ba ka kwana 14 na ƙarshen yarjejeniya ka sauya ba tara. Wannan 'yar taga ita ce duk ƙarfin da kake da shi a kasuwar, kuma masu araha a shekarar farko da mantuwarka suka yi lissafi.

Aikin dai ba shi da daɗi, shi ya sa ake gudunsa. Ka tattaro takardun wutarka na wata goma sha biyu, ka ga yunit nawa gidanka ke sha a sanyi da zafi, ka buga kowane wata da tsarin da ke yi maka fari da ido, har da kuɗin masu waya da kuɗin wata-wata da ake likawa ko ba ka kunna komai ba, sannan ka haɗa jimillar shekara. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai araha, ko da fuskarsa ba ta da hoda.

Har yanzu kana kan bakanka cewa wannan tatsuniyar Turawa ce? To, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohin Nijeriya ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Enugu da wasu jihohin sun riga sun karɓi ragamar. Ban ce gobe za ka zaɓi kamfani daga kan tabarma ba. Amma tun Afrilun 2024 da aka tsuga wa 'yan Band A kuɗi ka fara sanin cewa yunit yana da daraja. Gaya mini tsakani da Allah, ba tare da ka leƙa waya ba: yunit nawa gidanka ya sha a watan jiya? Ka yi shiru. Je ka duba mitar, Malam, ina nan ina jiranka.