Kawu Ya Ce In Ja Birki

A tsaye nake rubuta wannan, don har yanzu kwankwasona na hagu bai shirya da kujera ba. Jiya Lahadi na shiga gasar duwatalon ta ƙananan kulob-kulob a bayan garin Nottingham, kuma tun da dangi sun riga sun fara ƙara wa labarin gishiri, gara ku ji daga bakin mai shi.

Gasar ba ta da wuyar bayani. Ka yi gudun kilomita 5 da ƙafa, ka hau keke ka yi kilomita 20, ka sauka ka ƙara gudun kilomita 2.5. Wannan ce 'yar ƙaramar. Ta manya kilomita 10 ce, da 40, da 5. Ƙanwar tirayatalon ce, an dai cire ninƙaya an sa gudu a gurbinta, shi ya sa a Ingila ake yawan yin ta wajen Maris ko Oktoba, lokacin da babu mai hankalin da zai faɗa tafki. Ni kuwa tsakanina da ruwa sai wanka da alwala, don haka da 'yan kulob ɗinmu na gudu suka ce in ba da suna, na bayar. Babu wani gwarzo a cikinmu: ma'aikatan jinya ne, da malaman makaranta, da direban bas, da 'yan fansho. Ladan wahalar duka lambar wuya ce da ayaba ɗaya.

Keke kuwa aro na yi wurin sakataren kulob, ya haɗa mini da takalmansa. A ƙasan kowane takalmi akwai wani ɗan ƙarfe da ke shiga cikin feda ya kulle, ƙas, kai da keke ku zama abu guda. Wani kamfanin Faransa ne ya fito da dabarar a 1984, ya aro ta daga takalman masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985, daga nan kowa ya bi. Cirewa babu wuya, in ji sakatare: ka murɗa dunduniya waje, shi ke nan. Na gwada a falo ina dafe da bango, ta fita. Abin da bai gaya mini ba shi ne ya ɗaure kusoshin fedar tam, daidai ƙarfin cinyarsa.

Sai kuma Kawu. Ya zo ganin likitan ido, yana zaune a wurinmu. Tsohon malamin gona ne daga Funtua, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke Raleigh, ko Rali yadda shi yake faɗa, yana bin ƙauyukan auduga. Washegarin saukarsa ya ce in kai shi ya ga masana'antar da ta ƙera kekensa. Da na ce masa tun 2002 aka daina ƙera keke a can, har jami'a ta gina harabarta a wani ɓangaren filin, sai da ya yi salati, ya yini ba ya magana da Turawa a talabijin. Da ya ga keken aron nawa, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya zagaya shi. Babu kariya, babu madigadi, babu ƙararrawa, babu fitila.

“Kai, wanda ya ba ka wannan ya riƙe rabi a gida,” in ji shi. Amma ya ce zai zo kallo.

Gudun farko na yi shi lafiya. Na shiga shingen da ake rataye kekuna, na sa hular kwano na ɗaure kafin in taɓa keken, yadda doka ta ce, na tura shi har layin hawa, na hau, ƙas, ƙas. Kilomita 20 ɗin ma babu labari a ciki, ban da iska da ta yi ta dukan fuskata a tafiya, aka juyo kuma ta zagayo ta ci gaba.

A ƙarshen keken akwai layi da aka ja a ƙasa, da wata mata mai riga ruwan ɗorawa tsaye da jar tuta. Doka ta ce ƙafarka ɗaya ta taɓa ƙasa kafin ka ƙetare layin nan. Nan ne 'yan kallo suka fi taruwa, kuma yanzu na gane dalili. Tun daga nesa na hango Kawu. Ba ya ɓacewa: babbar riga shuɗiya, jibgegiyar rigar sanyina a kanta, hula zanna, ya ɗaga waya sama da hannu biyu. Na rage gudu. Na murɗa dunduniyar dama. Ba ta fita ba. Na sake murɗawa da ƙarfi, sai jijiyar sha-raɓata ta ɗaure, irin ɗaurewar da ke tashin mutum daga barci. Na koma ta hagu. Ita ma ta ce ba da ita ba. Layi yana matsowa, matar tana kaɗa tuta tana cewa a sauka, a sauka, na damƙe birki, keken ya tsaya cak.

Akwai wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido biyu ba, da keke yake tsaye shi kaɗai, ba ya gaba, ba ya baya, ba ya gefe. A cikin wannan lokacin na ga abubuwa da yawa. Na ga wani yaro riƙe da kwali an rubuta wa babansa kirari. Na ga mai ɗaukar hoton gasar, wanda ya yini yana ɗaukar mutane suna haki, ya ɗago kyamara fuskarsa ta washe. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Har tunani na yi cewa wataƙila in na yi shiru ban motsa ba keken zai manta. Sannan na fara tafiya hagu.

Ba faɗuwar gudu ba ce, wadda mutum zai wuntsila a ce wayyo, a kira motar asibiti, ya samu abin ba jikoki labari. A hankali na tafi, kamar katangar ƙasa da ta sha ruwan Agusta, hannuwana biyu riƙe da kan keke, bayana a miƙe, ƙafafuna a kan feda, komai daidai yadda aka koya mini, sai dai a kwance. Kafaɗa ce ta fara isa, sai kwankwaso, sai hular ta ce ƙwal. Gorar ruwa ta fice ta gangara, ta ƙetare layin ita kaɗai.

Wuri ya yi tsit. Sai muryar Kawu ta tsaga shirun, da Hausa, da ƙarfin mutumin da ya saba yi wa manoma jawabi a fili babu lasifika:

“Ja birki! Ka ja birki mana!”

Ina kwance a kan kwalta, tayar baya tana juyawa a sama.

Ya tattare riga ya nufo ni. Matar mai tuta ta tare shi da ladabi, ta sunkuyo ta tambaye ni ko na ji ciwo. A nan ne girman kai ya shigo: na ce lafiyata ƙalau. Ta ce madalla, to ka sani in wani daga cikin 'yan kallo ya taimaka maka, za a iya cire ka daga gasar. Na fassara wa Kawu daga inda nake. Ya tsaya taku ɗaya daga kaina, ya dubi matar, ya dube ni.

“Wato mutum ya faɗi a gabanka, doka ta hana ka ɗaga shi?”

“Haka ne, Kawu.”

“To baki fa? An hana magana?”

Ba a hana ba. Da na sani da na ce an hana.

“Sa ƙafarka a ƙasa,” ya ce.

“Kawu, a kulle take.”

“Wa ya kulle?”

“Haka takalmin yake.”

“Ina mabuɗin?”

Na yi ƙoƙarin murɗa ta dama, sha-raɓa ta sake ɗaurewa, na yi wata ƙara da ba ta dace da magidanci ba. Ta hagu kuwa keken ya danne ta, ni kuma na danne keken, don haka duk wanda zai tashi sai ɗayan ya riga shi. Na yunƙura, sai muka juya tare a kan kwankwasona, kaina ya koma inda ƙafafuna suke.

“A'a, ba haka ake sauka ba,” in ji Kawu. “Ƙafar dama ake wurgawa ta bayan sirdi, sai ka sulalo a kan fedar hagu. Ni da buhun iri a kariya nake yi, kuma da riga. Tashi ka sake dawowa daga can ka gwada.”

Masu tsere suna ta isowa suna raba hanya, wasu ta kaina, wasu ta ƙafafuna. Wata tsohuwa, furfura na leƙowa ta ƙasan hularta, ta iso ta murɗa dunduniya, ƙas, ta dira, ta dube ni ta ce da kyau, ka yi ƙoƙari, ci gaba. Haka suke a nan. Ko gawa aka wuce da ita a filin gasa sai sun ce mata ta ci gaba. Kawu yana jin Turanci, na makarantar da ma, sai ya bi ta da kallo.

“Me ya yi da kyau? Baiwar Allah, kin ga abin da ya yi kuwa?”

Sai a lokacin na lura wayar da ke hannunsa ba hoto take ɗauka ba. Magana take yi. Muryoyi ne birjik, da kukan jariri, da carar zakara. Kawu ya kira gida ta bidiyo tun ina nesa, don su ga ɗansu yana tsere da Turawa. Yanzu ya sunkuyo da wayar daidai fuskata don kowa ya samu gani. Goggo ce a gaba, bayanta matan gida, bayansu yara sun hau turmi.

“Innalillahi! Mota ce ta buge shi?”

“Babu mota,” in ji Kawu. “Shi kaɗai ya faɗi. A tsaye.”

“A ba shi ruwa!”

“An hana.”

“A shafa masa man zafi!”

“An hana, na ce miki. Ƙasar doka ce.”

Wani ƙanena, wanda ni na koya masa keke a bayan makarantar firamare, ya turo kai ya ce, “Yaya, ka yi feda baya, wataƙila ta saki.” Kawu ya ce wannan shawara ce mai ma'ana. Don Allah ku ji, na yi. Ina kwance a gefe, a gaban jama'a, na yi feda baya. Sarƙa ta faɗi.

Daren jiya na yi ta maimaita abin a raina, kuma duk lokacin da na zo wurin nan sai in ja bargo in rufe fuska. Faɗuwar kowa na iya yi. 'Yan kulob sun ce babu mai irin takalmin nan da bai taɓa yi ba, sai dai su a bakin danja suka yi tasu, gaban baƙin da ba za su sake gani ba. Amma fedar bayan nan da hankalina na yi ta. Na saurari shawarar, na auna ta, na ga ta yi.

Yaron nan mai kwali ne ya ce wa uwarsa, ba ma da ni yake ba, me ya sa ba zai cire takalmin ba? Na miƙa hannu na ɓalle maɗaurin na dama, ƙafa ta zame ta fito da safa. Na hagu ma haka. Na miƙe. Aka tafa mini, tafi mai yawa, wanda ya fi na mutumin da ya zo na ɗaya.

“Abin da nake shirin faɗa ke nan,” in ji Kawu.

Saura shari'a. Tayar gaba ta ɗan ƙetare layi, ni kuma ina bayansa, matar ta tsaya tana dubawa. Kawu ya gyara tsayuwa ya zama lauya, da Turancinsa na rubuta rahoton gona. Ya ce shi shaida ne, yaron nan ya sauka kafin layi, da idonsa ya gani, har da idon da aka yi wa aiki. Ta ce dokar ƙafa ta ambata. Ya ce to ai kafaɗa da kwankwaso da kai duk sun taɓa ƙasa, in an tara sun fi ƙafa ɗaya nauyi. Matar ta rufe baki da tuta, kafaɗunta suna rawa, ta yi mini alama in wuce.

Na tura keke cikin safa, takalma suna reto a jikin feda suna bugun ƙasa. Na rataye shi, na zura takalman gudu, na fito. Duk wanda ya taɓa sauka daga keke ya ce zai yi gudu ya san yadda ƙafafu ke yi, kai kana nufin gaba su suna ci gaba da zagaye. Haka na fito ina tangaɗi, na ji jama'a sun sake ɗaukar sowa, suna nuna ni, suna dafa kawunansu. Na ɗaga musu hannu. Sai da na zo daidai Kawu na ji nauyin, na taɓa: hular kwanon tana nan a kaina, a ɗaure. Na kai hannu zan ɓalle.

“Bar ta!” Kawu ya daka mini tsawa, ya juya wayar don Funtua ta gani. “Bar ta a kanka. Wa ya san inda za ka sake faɗuwa?”