Gadon Landiroba

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yayyena suka zaɓi gonakin bayan Ƙofar Gayan, ni kuwa na buɗe baki na ce a bar mini motar. Malamin da ke rabon ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, sake tunani dai." Ban sake ba.

Land Rover ce ta soja, ƙirar Series IIA, mai fitilu biyu manne da ragar lagireto kamar mai harara-garke. Kakanmu, tsohon direban soja, shi ya saye ta a gwanjo bayan yaƙin basasa, kuma har ya bar duniya yana rantsuwa cewa da ita ya ratsa dajin Bama. Shi kam ya je Bama, kamar dubban mazan jiya da barikin Chindit na nan Zariya ke tuna mana da su. Sai dai yaƙin Bama ya ƙare a 1945, Land Rover ta farko kuwa sai 1948 aka ƙera ta. Jif ɗin Willys na Amurka ya tuƙa a can. Amma wa zai gyara wa mai sandar gora zance?

Shekara talatin da ɗoriya tana girke a tsakar gidanmu cikin birni. Kaji sun mai da kujerar gaba akurki, Gwaggo na tara itace a baya. Da na share ta sai na ga bodi garau, don Ingila ta yi ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, suka koma yin jikin da alminiyam. Na yi ta murna har lokacin da na leƙa ƙarƙashi, na taɓa ƙarfen da yatsa, ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Bakaniken farko yaro ne daga Sabon Gari. Ya shiga ta hagu ya zauna, ya miƙa hannu, babu sitiyari. "Oga, an sace kan motar!" Na nuna masa shi a dama, tunda ta riga 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ya zazzage safanunsa kaf, ba wadda ta kama noti ɗaya: nasa awon milimita ne, nata na inci. Ya karɓi kuɗin acaɓa ya tafi. Dole na lallaɓo wani tsoho daga Tudun Wada, mai safanu naɗe cikin tsumma kamar layu. Ya shafa ta ya ce, "Baiwar Allah, ashe kina nan?" Sannan ya karanto mini abubuwan da zan nemo.

Nan wahala ta soma. Na yini a Panteka ta Kaduna, na samo fitila ɗaya. A Ƙofar Ruwa ta Kano na ce kafireto nake nema, Solex. Wani yaro ya ce, "Akwai, Alhaji, biyo ni." Muka yi ta ratsa rumfuna cikin rana, sai ga mu gaban shagon kayan sola. Daga bisani na same ta wurin wani ɗan gwangwan, ya danne ledar rumfarsa da ita don iska. Da ya ga yadda idona ya kawo ruwa, abin da zai sayar a kilo ya koma kuɗin tunkiya.

Saura ƙofar gefen fasinja, wadda ba wanda ya san inda ta shiga. Wata uku ina cigiya kafin Gwaggo ta ce, ko a jikinta, "Wai wannan falange? Ai tun bikin yayarka na ba masu zubin tukwane." Ta nuna babbar tukunyar da ake dafa shinkafar suna. Ashe na sha cin abinci a ƙofar motata.

Na shafe ta da koren soja, ta fito sharr. Maƙwabcinmu, saje mai ritaya, ya leƙo ya ce, "Malam, ka san tun mulkin soja doka ta hana farar hula wannan launi a mota?" Na sake ta da ragowar shuɗin fentin ƙofofin gida.

Ranar tayarwa unguwa ta cika gidan. Batir ya ƙi, tsohon bakaniken ya ce a yi da handil. Juyi na uku ya dawo ya doke ni a hannu, na ga taurari da hantsi. Juyi na bakwai ta yi tari, ta ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Na hau, na sa giya, na nufi waje.

Sai a lokacin na dubi wajen da kyau. Sa'ad da Kaka ya shigo da ita, dangar kara ce a gaban gidan. Bayansa Baba ya gina zaure, maƙwabta suka ci lungun daga hagu da dama har ya zama amalanke ma sai an karkata ta. Na tuntuɓi babban yaya a kan rushe zauren. Ya ce, "Zauren da aka raɗa maka suna? Taɓa ka gani."

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan tayar da ita, in cika ta da yara, mu tafi taku goma sha biyu zuwa bakin rijiya, mu dawo da baya. Sauran kwana shida na kaji ne.