Ƙafar Hagun Malam Ta Rasa Aikin Yi

A layinmu na Orozo, kan titin da ya taso daga Nyanya ya ratsa Jikwoyi da Kurudu ya nufi Karshi, ba mu cika duba agogo da safe ba. Tarin Fijon Malam ya ishe mu. Za ta yi tari, ta yi shiru, sai a ji muryarsa ta kan katanga: "Samari, a taimaka!" Duk wanda ya fito daga masallaci bai yi saurin shigewa gida ba, to ya shiga aikin turi. Ni ma na ci ladan nan har na ƙoshi.

Kada a raina motar. Fijo 504 ce haɗin Kaduna, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975, a zamanin da ba a gane babban ma'aikacin gwamnati sai a kujerar bayan Fijo. Faransawan da suka fito da ita a 1968 sun daina ƙera salun ɗinta a Turai tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba har shekarun 2000. Malam ya same ta ne bayan 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ce ta gaji da saya wa ma'aikata motoci, a mai da alawus ɗin kuɗi, aka yi gwanjon motocin ofis. Ita ta ɗauko 'yar farinsa daga asibiti tana cikin zane. Ita ke kai su Zariya duk Sallah, ta dawo da buhun masara a but, shafaffiya har salansa na gaisawa da kwalta. Birkin hannunta ya rasu da daɗewa, saboda haka akwai wani dutse da ke zaune a ƙarƙashin kujera, shi ne magajinsa.

Sai 'yar farin ta cika shekara 18, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasin, ta kuma samu gurbi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Ta yi makarantar koyon tuƙi kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra ta sharɗanta, ta karɓi takardar koyo, ta manna jan harafin L gaba da baya. Abin da ba wanda ya gaya wa Malam shi ne, motar makarantar atomatik ce. Yarinya ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan kuloci ba.

Shi kuwa ya zaɓi hawan Kugbo ya zama ajin farko. Wanda ya san hanyar shiga gari daga Nyanya da safe ya san wurin: tudu ne, ga cunkoso, a matsa taku biyu a tsaya. Ta saki kuloci, Fijo ta yi tsalle ta mutu, sannan ta fara silalowa baya a tsanake, ta nufi hancin wata doguwar bas. "Mamana, birki! Birki, Mamana!" Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ko a cikin tashin hankali bai iya kiran sunanta ba. Ya dire da babbar riga, ya zaro dutse, ya sa wa taya waigi, kwandasta na ta yi masa kirari irin wanda ba a maimaitawa a jarida.

Da daddare Uwargida ta yanke hukunci, kuma ta zo da hujjar da ta fi kuloci ƙarfi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Kafireton Fijo kuwa bai ji sanarwar ba. "Malam, ko dai motar nan ta bar gidan nan, ko kuɗin cefane ya bar shi. Ka zaɓa."

Wani mai fataucin doya daga Karshi ya saye ta. Malam ya riƙe makulli yana jero nasiha kamar mai miƙa amarya: ba ta son a matsa mata da sanyin safiya, a riƙa duba ruwan lagireto, in ta yi fushi a yi haƙuri. Dutsen ma ya haɗa da shi, kyauta.

Neman sabuwa shi ne wahalar gaske. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, 'yar Kwatano ta zama abin a tambayi takardar kwastan sau biyu. A Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin da a da zai sayi tokumbo mai ƙamshin Turai ya koma ba ya sayen komai sai wadda ta sha hannu a gida. Duk motar da dillali ya nuna masa, wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis. Hajiyar nan, in lissafin dillalan Abuja gaskiya ne, ta fi kowa yawan motoci a Afirka.

Ya ɗauki Corolla 'yar Amurka, atomatik. Da aka kai ta wurin bakanike a Apo aka jona mata kwamfuta, sai ga asiri: an cire indomin salansa, wato tukunyar tace hayaƙi da ake sacewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, an kuma liƙe fitilar gargaɗin inji da baƙin salatif. Wannan duk kuɗi ya gyara. Abin da kuɗi bai gyara ba shi ne Malam.

Ya ce shi zai fara tuƙa iyali, don yarinya ta ga yadda ake yi. A kan miƙaƙƙen titi ya yaba wa motar da natsuwa, allura na kan 60, sai Mamana ta ce a hankali, "Baba, mil ne fa." Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ashe yana dab da 100. A Jikwoyi kuma, inda 'yan acaɓa da masu keke suka yi sansani tun da aka kori babura daga tsakiyar birni a 2006, ƙafarsa ta hagu ta tuna aikinta na shekara da shekaru. Ta tashi neman kuloci, ta samu faffaɗan birki, ta danna shi har ƙasa. Mai keke ya sumbaci bamba. Kular miyar da ke cinyar Uwargida ta isa gilashin gaba kafin kowa.

Aka sasanta, aka biya, aka iso ƙofar gida. Nan aka yi ta ƙarshe. A Fijo, in kana son gaba, gaba kake tura giya. Malam ya damƙi sandar ya tura gaba, ya taka totur da ƙarfin mai jin haushi, Corolla ta yi baya da gudu ta ɗauki kurar ɗan ga-ruwa. Jarkoki suka watse, layi ya jiƙe, mu da muka saba fitowa turi muka fito tsince-tsince.

Yanzu Mamana ke kai shi bakin titi kafin ta wuce Keffi, yana gefe yana taka birkin da babu. Ta ci gwaji, lasinta ya fito. Ranar da ƙaninta ya zo ɓamɓare harafin L, Uwargida ta leƙo ta taga: "Kai, bar shi nan. Babanku zai fita da ita ranar Asabar."